Tagwayen Waya da Kunnen Babanki

Kazaure,
cikin shago, bayan La'asar.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Abuja lafiya, mota ba ta wahalar da ku ba, kin tarar da Gwaggonki da mutanen gidanta kalau. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki.

Na san sai kin buɗe akwatin kayan aikinki za ki ga takardar, a ƙarƙashin mita, tare da wani ɗan ƙulli a leda. Kada ki kwance ledar tukuna, na san halinki da gaggawa. Ki karanta, za ki iso wurinta.

Mahaifiyarki ta gama zagaye unguwa tana shelar kin samu aikin tiyata a Abuja. Shekaranjiya har wata tsohuwa ta yi sallama tana tambaya ko za ki duba mata wani ƙari a wuya kafin ki tafi. Na ce musu hom tiyata ne, kayan kallo da sauti na falon masu hali, ba asibiti ba. Mahaifiyarki ta ce ita dai tiyata ta ji, kuma ba ta janye ba. Ki bar ta da abinta, daɗi take ji.

Ni kuwa abin da ya zaunar da ni da biro daban ne. Gobe za ki tafi kina zaton fushi nake da ke. Shekara guda ina hana ki wannan aiki, da na yarda kuma ban saki fuska ba, har gaisuwarki ta safe wani lokaci ba na amsawa. Ba na so ki kwana ko ɗaya a garin mutane da wannan nauyi a ranki. Bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na rubuta.

Makon jiya kin same ni ina sodar wata rediyo, kika ce ogan naku ya gaya miki a waya cewa duk gidan da kuka je za ku riƙa yi wa sifiku tagwayen waya, a kuma gaya wa mai gida sauti ya ninka kyau. Kika ce, "Baba, in mai gidan ya dube ni ya ce da gaske ne, me zan ce masa?" Na ci gaba da sodata kamar ba da ni kike ba. To ga amsar, sai dai doguwa ce, don sai na bi da ke ta Babura.

Kin fi ni karatun abin, amma bari in faɗa yadda ni na gane shi a bakin tebur. Manyan sifikun nan suna zuwa da noti huɗu a baya, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ke kai wuta ga tuwita mai siririn sauti, na ƙasa su kai ga wufa mai gurnani. Tsakaninsu akwai 'yan ƙarafa masu ruwan zinare da muke kira gada, su ke haɗa sama da ƙasa, ta yadda waya ɗaya daga risiba, uwar kayan, za ta ciyar da su duka. Mai tagwayen waya sai ya cire gadojin, ya ja waya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma dukansu daga risiba guda suka fito. Haɗin da yake bayan sifika ne kawai aka mayar bayan risiba. Wannan ban san shi ba a lokacin da zan ba ki labari. Abin da na sani kawai, na ga noti huɗu, na kuma ji an ce haka manya suke yi.

Kina firamare a lokacin. Akwai wani mai sayen hatsi a Babura, Alhaji Mamuda, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, mai son a san ya mallaki abu. Ya yi cinikin gero da wasu mutanen Nijar, ya sayo wasu dogayen sifiku guda biyu da risibarsu daga can, ya aiko a ɗauke ni a kan babur in haɗa masa. Na haɗa da waya ɗaya yadda aka saba, sauti ya fito tas, ba abin da ya rage. Da na tattara kayana na tafi a nan, da ba ki da takardar karantawa yau.

Sai Alhaji ya leƙa bayan sifikar ya ce, "Malam Sale, waɗannan biyun na sama fa? Na ga ba ka sa musu komai ba."

Maimakon in ce gada ta ishe su, sai na gyara hula na ce, "Alhaji, ai wannan sai wanda ya sani. In aka ba su tasu wayar daban, abin da za ka ji sai ka riƙe kujera."

Ban taɓa gwadawa ba, Inna. Ko sau ɗaya. So nake a ce Sale na Kazaure ya san abin da masu gyaran Babura ba su sani ba. Na koma washegari da naɗin waya mai kauri, na cire gadojin nan huɗu na zuba a aljihu, na ja tagwaye. Risibar tana da layi biyu a baya, A da B. Na sa wayoyin ƙasa a layin A, na sa na sama a layin B, don ya fi kyan gani. Abin da ban yi ba shi ne danna maɓallin B a gaba. Kin gane abin da ya faru, ko? Tuwitocin nan biyu ko ɗigon wuta ba su samu ba.

Aka kunna. Falo ya ɗauki gurnani, tagogi suna kakkarwa. Alhaji ya dafe ƙirji ya ce, "Ka ji? Ka ji yadda yake dukan mutum? Wallahi yanzu ne kayan suka nuna kansu!" Ni kuma na lumshe ido ina gyaɗa kai, na ce, "Alhaji, ka saurari yadda muryar ta fito wasai." Na kashe rabin sifika, muna zaune mu biyu muna yabon tsabtar sauti. Shi ya ji abin da na ce masa zai ji, ni kuma na ji abin da nake so ya zama gaskiya.

Ga nasihata ta farko: kada ki sayar wa mutum da bakinki abin da ba ki gwada da hannunki ba. Wanda aka ce masa sauti zai fi daɗi, zai ji ya fi daɗi, ko da lalata masa aka yi. Yabon mai gida ba shaida ba ne cewa aikinki ya yi.

Wata biyu kayan suna haka. Baƙi suna zuwa ana kunna musu, kowa yana cewa masha Allah. Sai ranar da wani Alaramma daga Gwiwa, abokin Alhaji, ya sauka a gidan. Bayan an ci abincin rana Alhaji ya sa masa karatun Alƙur'ani don ya burge shi. An ce ko aya biyu ba a yi ba Alaramma ya ɗaga hannu. Ya ce, "Alhaji, tsaya. Wannan mai karatun na san muryarsa, ba ya cin harafi. Ina aka kai sin ɗin Bismillah?" Kin san sin da shin da sadi duk a siririn sauti suke zaune. In tuwita ta mutu, su ke fara tafiya.

Aka sake aiko min da babur. Na tarar da su biyun a falo, karatun yana kunne. Na durƙusa na gaida Alaramma, na juya wurin risiba, idona ya faɗa kan maɓallin B a kashe. Na sa yatsa na danna. Alaramma ya yi murmushi ya ce, "Yauwa, ga shi ya dawo gida." Alhaji ya ce, "Ikon Allah! To me ya same shi, Malam Sale?"

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na ce girgizar janareta ce ta fitar da maɓallin. Janaretan da yake can bayan gida kusa da turken shanu! Alaramma ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Allah ya shirya janareta." Har na hau babur ina jin kallon nan a ƙeyata.

Alhaji ya yarda da ni har ya rasu. Kowace kaka sai ya aiko mana da gero, kin ci tuwonsa ba sau ɗaya ba. Na sha cewa gobe zan je in gaya masa gaskiya in mayar masa da gadojinsa. Ranar ta'aziyyarsa da su na je a aljihu, da su na dawo. Su ne a cikin ledar nan. Yanzu ki kwance.

In kin yi kuskure a gidan mutum, ki faɗa a ranar, kina tsaye a gaban kayan. "Ni na manta, ku yi haƙuri," ba ta kai minti ɗaya ba. Ni na ƙi faɗarta, ga shi na ɗauke ta shekara da shekaru. Kuma duk sifikar da kika cire wa gada, ki ɗaure gadojin a leda ki manna a bayanta, kayan mai gida ne. In kuma wata rana aka sa ki ciyar da sama da ƙasa daga injin ƙara sauti biyu daban, wannan wani aiki ne ba tagwayen waya ba, kuma shi yana iya kawo bambanci. Amma ki cire gadojin kafin ki kunna, in ba haka ba hayaƙi za ki gani. Kada ki tambaye ni yadda aka yi na sani.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba game da ranar nan. Lokacin da na danna maɓallin, Alaramma ya ce sin ya dawo, ni ban ji dawowarsa ba. Na ji sauti ya ɗan buɗe, shi ke nan. Na ce wa kaina gajiyar hanya ce.

Kin tuna gwajin da kika haɗa a shago shekarar da kika fara karatun lantarki? Kika dawo kina cewa malaminku ya ce tagwayen waya daga risiba ɗaya ba su da wani bambanci da waya guda mai kauri, in ma akwai, kunne da wuya ya kama shi. Na ce malamin naku a allo ya san sifika. Kika rataya zanin mahaifiyarki a tsakiyar shago, kika ɓuya a baya da sifika da wayoyi, kika zaunar da ni da ita da mai shayin bakin tasha a kan benci. Kina sauyawa muna faɗar wanda ya fi. Mai shayi ya ce shi duk ɗaya yake ji. Mahaifiyarki ta ce a bar ta ta je ta duba tukunya. Ni kaɗai nake bugun cinya ina cewa, "Wannan ne tagwaye! Ku ji yadda ya washe!"

Sai kika leƙo kika ce, "Baba ya fi mu kunne." Aka tashi ana dariya. Da yamma ina kwance zanin na ga gadojin suna nan daram, waya ɗaya ce a jiki, ta biyun ko warware ta ba ki yi ba. Ƙarar sukudireba kawai kike yi a bayan zani. Kin rufa min asiri a gaban mai shayi, ni kuwa ko na gode ban ce ba. Na yi kwana uku ina ɗaure miki fuska saboda kin fi ni gaskiya. In ƙaramin ma'aikaci ya gyara miki kuskure a wurin aiki, ki gode masa a gaban mutane, kada ki yi irin na babanki.

Kunnena ya tafi, Inna. Yau na rubuta shi da hannuna. Ba duka ba, gurnanin mota da kiran salla ina ji. Siririn sauti ne ya bar ni, kamar sifikun Alhaji Mamuda, sai dai ni ba maɓallin da za a danna. Ni na jawo wa kaina. Shekarun da nake kai lasifika gidajen biki a Roni da ƙauyukan Gwiwa, a gaban manyan sifiku nake tsayawa tun hantsi har a tashi, ina murɗa ƙara don a ji mu daga bayan duwatsu. Mahaifiyarki takan ba ni auduga in toshe, in ce ni ba mai jego ba ne. In na dawo kunnena yana ta ƙugi, in ce alamar biki ya yi kyau ke nan. Na sa miki abin toshe kunne guda biyu a aljihun akwatin. Ki sa su duk lokacin da za a gwada ƙara, ko da abokan aiki za su yi miki dariya. Kunnenki shi ne jarinki, kuma ba a sayar da wani a kasuwa.

Na san kin sani. Tun daga gwajin nan, duk rediyon da na gama sai ki ce, "Baba, bari in goge ƙurar," ki ɗauke ta zuwa ƙuryar shago, ki kunna a hankali ki kara a kunne. In tana tsuwwa ki gyara, ki dawo da ita ba ki ce uffan ba. Mutane suna cewa hannun Sale sai ƙara kyau yake da tsufa. Ina karɓar yabo ina kallon ƙeyarki.

Muryar mata ta fi saurin ɓace min, musamman in daga baya aka yi magana. In kika gaishe ni da safe ina fuskantar tebur, wallahi ba na ji. Sai na juyo na ga kin miƙe jiki a sanyaye, in gane an gaishe ni. In ce miki ban ji ba, kunya. Sai in ƙara ɗaure fuska, ke kuma ki ɗauka fushi ne.

Bari in ba ki dariya kaɗan. Sunanki na yanka sunan mahaifiyata ne, Allah ya kai haske kabarinta, shi ya sa nake ce miki Inna, bakina ba ya iya kama shi. Amma biro ba shi da kunya, bari ya rubuta: ƙawayenki suna ce miki Sa'a. To ranar nan wata ƙawarki ta tsaya a ƙofar gida tana ta kira, ni kuma daga zaure abin da nake ji shi ne, "A'a! A'a!" Na fito da sanda ina tambayar wa ake yi wa dole. Yarinyar ta kwasa da gudu. Harafin farkon sunanki ya bi sin ɗin Alhaji Mamuda. Duk wanda ya kira ki, ni "a'a" nake ji.

Na koma zaure na yi dariya ni kaɗai, daga baya dariyar ta tsaya. Don na tuna shekara guda ke nan ni ma abin da nake ce miki ke nan. Da takardar aikin ta zo, na ce a'a, Abuja ta yi nisa. Gwaggonki ta ce ga ɗaki a gidanta, na ce a'a, sai bayan damina. Damina ta wuce, na ce a'a, mahaifiyarki ba ta jin daɗi, alhali ta fi ni lafiya. Duk janareta ne, Inna. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In kin tafi, wa zai goge min ƙura? Na riƙe ki shekara guda don in ci gaba da zama Sale mai kunne. Na ga kina duba wayarki kina ajiyewa, na ga ranar da kika yi kuka a bayan shago da aka ce za a ba wani gurbin, na yi kamar ban gani ba, kuma idona lafiyarsa ƙalau. Wannan shi ne babban kuskurena, ya fi na Babura. Ki yafe min.

Kada ki damu da shago. Jiya na je wurin mai shayi da kaina na gaya masa, don in shi ya ji, Kazaure ta ji. Na ce daga yau aikin ido da mita zan riƙa karɓa, caja da fanka da fitila. Wanda ya kawo rediyo, zai zauna ya saurara da kunnensa kafin ya ɗauka. Ya ce, "Malam Sale, ai mun daɗe da sani, ba ka ga da ƙarfi muke yi maka magana ba?" Ashe ni kaɗai nake ɓoye abin da duk tasha ta sani. Na kuma yarda mahaifiyarki ta kai ni a duba kunnen a Kano, tunda ta ce yanzu tana da 'ya mai tiyata.

To, ga amsar tambayarki. In mai gida ya ce da gaske ne tagwayen waya suna ƙara daɗin sauti, ki ce masa, "Ranka ya daɗe, ba sa ɓata komai in an haɗa daidai, amma ni ban taɓa jin sun ƙara ba. In kana so, juya baya in sauya maka ka ji da kanka." Ki gaya masa waya ɗaya mai kauri, da noti a ɗaure tam, da ja a kan ja baƙi a kan baƙi, da janye sifika daga jikin bango, sun fi yi masa amfani. In bayan haka ya ce yana so don kyan gani, ki yi masa da kyau, falonsa ne. Shi kuma ogan naku ki same shi ku biyu, da ladabi, ki ce za ki ja kowace waya ya ce, amma ba za ki ce kin ji abin da ba ki ji ba. Mai yiwuwa ya ji haushi. In abin ya ƙi, kujerarki tana nan a shago, amma ba fata nake ki dawo don ita ba. Kafin ki bar kowane falo, ki sa karatu, ki kara kunne a kowace tuwita, ki tabbatar sin yana nan.

Gadojin nan ki bar su a akwatinki. In kin ji bakinki yana shirin faɗar abin da zai burge mai gida, ki taɓa su, ki yi wa Alhaji Mamuda addu'a.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki taya Gwaggonki aiki ba sai ta ce ba. Ki ci abinci, kada ki zauna da shayi da biredi kina cewa aiki ya yi yawa. In za ki kira, ki kira wayar mahaifiyarki, ita za ta maimaita min, ko da yake na san za ta ƙara gishiri. In kin zo hutu kuma, ki zagayo ta gabana ki gaishe ni, in ga bakinki. Zan amsa.

Allah ya yi miki albarka, Innata. Ya tsare mutuncinki, ya tsare hannunki daga wuta, ya tsare miki kunnenki da harshenki. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba.

Shekara guda kina jin "a'a" daga bakina. Yau ga ta na rubuta miki da harafinta na farko a jiki, ki karanta da ƙarfi ki ji shi a madadina: ki tafi, Allah ya ba da sa'a.

Wassalam.

Babanki,
Sale Mai Rediyo